Mutumin da Ya Bauta wa Walƙiyar Kubichek

Delmer Ostrud mijin yayata Ardith ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar gyaran hanya ta ƙaramar hukuma, ya baje tsakuwa da rani, ya ture dusar ƙanƙara da hunturu. Ni kuwa wasiƙu nake rabawa a kan hanyoyin da yake gyarawa, saboda haka na san aikinsa fiye da kowa, ƙuguna shaida ne. Dogo ne mai ɗan ƙaramin kai, ba ya shan giya, ba ya caca, ba ya ɗaga murya ko a kan kare. Da bindigar nan ba ta shigo rayuwarsa ba, da ba ni da abin da zan faɗa a kansa sai dai in ce mutumin kirki ne, in yi shiru.

Bindigar daga hannun tsoho Kubichek ta fito, maƙerin bindigogin da ke bayan rumbun alkama a garinmu Nyberg. Bayan yaƙin duniya na biyu, kowane maƙeri a gabashin jihar Montana sai da ya ƙirƙiro nasa harsashin, don kada a ce bai yi komai da rayuwarsa ba. Kubichek ya ɗauki kwanson harsashin soja mai ƙaton ciki, ya matse masa wuya har ya zama ba abin da ke shiga bakinsa sai ɗan kan dalma kamar ƙwayar wake. Albarushin da aka yi don tura babban abu, aka ce ya tura ɗan mitsitsi. Ya raɗa masa suna Walƙiyar Kubichek, ya ƙera bindiga uku da za su ci shi. Ɗaya ta tarwatse a hannun wani makiyayin tumaki, ta tafi da girarsa duka biyu. Ɗaya ba wanda ya san inda ta shiga. Ta ukun ya bar wa Delmer a shekarar 1958, lokacin da ciwo ya ci ƙarfinsa zai koma wurin 'yarsa, ya haɗa masa da ƙarafan matse kwanso da wata 'yar takarda da ya rubuta gudun harsashin a kai da fensir: ƙafa dubu huɗu da ɗari huɗu a sakan ɗaya.

Delmer ya sa wa takardar gilashi, ya rataye ta a ɗakin ƙasa, saman teburin aikinsa. Hoton aurensu da ke kan ƙusar aka mayar da shi bayan tukunyar dumama gida.

Babu kantin da ke sayar da wannan harsashi, daga nan har bakin teku. Wani zai ɗauki hakan a matsayin wahala. Delmer nan ne ya sami abin taƙama. In ya ga manomi ya fito daga kantin ƙarafa da kwalin harsashi a hannu, sai ya dube shi kamar yadda ake duban wanda ya sayo dafaffen dankali a gwangwani.

Kowace Asabar bayan kalaci sai ya sauka ɗakin ƙasa. Na sha zama a kan bokiti ina kallonsa. Zai shafa wa tsohon kwanso mai, ya matse shi a ƙarfe na farko, da na biyu, da na uku, a hankali, don in ka yi gaggawa wuyan ya lanƙwashe. Sai ya gasa wuyan a harshen wuta yana juya shi da yatsa har tagullar ta sauya launi, ya tsoma a ruwa. Ya datse, ya goge, ya auna, ya sa ɗan ƙyastun da ke gindi. Cikin kwanso goma, huɗu ne ke tsira. Sauran yana jera su a kan taga, ya san laifin kowane. In an zo kan albarushi kuwa, ba a magana, ba a tari. Da hantsaki yake ƙara ƙwaya ɗaya ɗaya a kan ma'auni, yana riƙe numfashi. Akwai ranar da Ardith ta rufe ƙofar tanda da ƙarfi a sama, allurar ma'aunin ta girgiza, sai ya juye aikin awa biyu ya soma daga fari. Bai yi faɗa ba. Ya hau sama ne kawai, ya tambaye ta cikin ladabi ko burodin zai iya jira zuwa Litinin.

Matsalar ita ce Kubichek ya gargaɗe shi cewa wutar wannan harsashi tana cin bututun bindiga daga ciki. Harbi ɗari takwas, in ji shi, bututun ya zama magudanar ruwa. Don haka Delmer ya yanke wa kansa harbi goma sha biyu a shekara, ɗaya a wata, Lahadin farko bayan sujada, a kan farar takarda. Amma haɗa harsashi bai fasa ba ko Asabar guda. Akwatuna suka cika, ya sa kanta, kanta ta cika, ya ƙara wata. Akwai na zafi, akwai na sanyi, akwai na ranar iska, kowane da rubutu a jiki.

Na ce masa, "Delmer, wai yaƙi za ka yi da wa? Ko Kanada ce ta yi maka laifi?"

Ya ce, "Kai dai raba takardun mutane, ɗan wasiƙa. Abin da ba a sa wa tambari a goshi ba, ba ganewa za ka yi ba."

Wata bazara dila ya addabi 'yan tumakin Ardith, ya ɗauke uku cikin mako guda. Ina gidan ina shan kofi da hantsi sai ta hango shi ta taga, yana tsaye a gindin shinge yana zaɓen na huɗu. Ta leƙa matakala ta ƙwala kira.

"Delmer! Ga shi can! Hawo da bindigar nan taka!"

Muka ji muryarsa daga ƙasa, a natse. "Nisansa nawa?"

"Ina ruwana da nisansa? Ga shi ina ganin haƙoransa!"

"Dubo mini ma'aunin zafi a baranda. Kuma iskar daga ina take?"

Ardith ba ta jira shi ba. Ta jawo tsohuwar bindigar mahaifinmu daga bayan ƙofar kicin, wadda aka ɗaure gindinta da waya, ta ɗora a kan taga, ta danna kunama. Dila ya faɗi. Sai ga Delmer ya hawo da akwati biyu a hammata, bai gama yanke shawara tsakaninsu ba. Ya fita, ya taka daga taga zuwa gawar yana ƙirgawa, ya dawo.

"Taku sittin da biyu," in ji shi. "Wannan ai ba harbi ba ne, Ardith. Jifa ne."

"To jifan ya kashe shi. Je ka binne, tunda ka riga ka san hanya."

A shagon kofin Lorna Vik, inda dattawan gari ke haɗuwa kowace safiya, an daɗe da karɓar maganar dubu huɗu da ɗari huɗu kamar yadda aka karɓi tsawon kogin Missouri. Ba wanda ya auna, ba wanda ya yi musu. Haka aka zauna lafiya shekara ashirin da uku, har Likita Pruett ya zo.

Likitan haƙori ne daga Ohio, mai fara'a, mai son a san ya yi karatu. Ya zo da bindigar kanti sabuwa fil da wata na'ura da ya ce tana auna gudun harsashi: akwati kamar rediyo, da firam biyu kamar na taga da ake kafawa a jere, harsashi ya ratsa su, lamba ta fito. Safiyarsa ta uku a shagon ya ji maganar, ya ajiye kofinsa.

"Dubu huɗu da ɗari huɗu? Wa ya auna?"

Delmer ya ce, "Kubichek."

"Da me?"

Lorna ta tsaya da buta a hannu. Gaskiyar magana, duk mun san Kubichek ko agogon kirki ba shi da shi.

"Mutumin ya shekara arba'in yana ƙera bindiga," in ji Delmer. "Kunnensa ya fi akwatinka."

"Ni ma na shekara ashirin ina cire haƙori, amma ban taɓa gane ruɓaɓɓe da kunne ba. Ka kawo ta mu auna, ai ba cizo na'urar take yi ba."

Lorna ta ce, "Likita, ka zo jiya jiya, ka bari kujerar ta san ka tukuna."

Amma magana ta riga ta fita. Aka sa rana: bayan cin abincin ikilisiya na watan Yuli, a ramin tsakuwa da ke bayan makabarta.

Cikin sati biyun da suka rage kafin ranar, Delmer ya rame. Ya bar duk akwatunansa, ya haɗa sababbi guda uku musamman don ranar. Na ga yana ƙara ƙwayoyin albarushi fiye da yadda ya saba, na ce ya yi hankali da girarsa. Ya ce ba don kansa yake yi ba, mutuncin mamaci ne a hannunsa.

Ranar kuwa duk wanda ke iya tafiya ya zo, har da waɗanda rabonsu da sujada tun jana'izar iyayensu. Mata suka zo da ragowar naman sa da burodin dankali, aka jera motoci a bakin rami. Fasto ya ce shi ba ya goyon bayan kowa, amma ya zo da kujerarsa. Likita ya kafa firam ɗinsa kusa da teburin harbi, kusa ƙwarai, don jama'a su ga lambar da kyau. Ya fara harba tasa. Lamba ta fito, dubu uku da ɗari bakwai da wani abu, kuma ga huda a takardar da aka kafa can nesa. Ya rusuna kamar an yi masa tafi.

Delmer ya zauna. Ya goge tabarau, ya gyara hula, ya ɗauki lokacin da zai isa a tatse saniya. Sannan ya danna.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan daga bindigar kafaɗa ba. Wuta ta fito kamar tsawon hannu, firam na farko ya yi rawa ya karkace, karnuka suka shige ƙarƙashin motoci. Can tsakiyar fili, kamar taku hamsin, sai muka ga wani ɗan hayaƙi shuɗi ya tashi a iska ya watse. Kan dalmar ne ya kasa jure juyin, ya tarwatse a hanya. Takarda tana nan fes, ko ƙwarzane babu. Sakatar bindigar kuwa ta cije, sai da aka ɗauko guduma ta katako daga motar wani aka buga ta buɗe.

Lorna ce ta fara kai ido kan akwatin. Ta karanta da ƙarfi: "Dubu shida da ɗari biyu da goma sha biyu!"

Ramin tsakuwa ya ɗauki ihu. Likita ya yi tsalle yana ɗaga hannu.

"Kuskure ne! Hucin wutar ne ya ruɗa ta! Babu harsashin da ke irin wannan gudu! Ku duba, ko takardar bai samu ba!"

Wani dattijo ya ce, "Ina zai tsaya samun takarda, yana sauri?"

"Likita," in ji Lorna, "da ta ba ka taka lambar ba ka ce ta ruɗe ba. Na'urarka ce, ba tamu ba."

Ya roƙi a sake, amma firam ɗin ya tsage, kuma ba mai son a sake. Aka ɗauki Delmer a kafaɗa, shi da bai taɓa yarda a taɓa masa ko hula ba. Washegari Lorna ta sa aka rubuta lambar da jan fenti a bangon shagon, saman injin kofi.

Na ɗauka mutumin zai yi ta murna har Kirsimeti. Sai na ga ya daina zuwa shagon. Ardith ta ce ba ya cin abinci, kuma Asabar ta wuce bai sauka ɗakin ƙasa ba. Ran kwana tara ina kan hanyar rabo, sai na tarar ya gindaya motar gyaran hanya a tsakiyar titi yana jirana.

"Kana shiri da Likita?"

"Ina kai masa wasiƙa, yana cire mini haƙori."

"Aro mini akwatin nan. Kar ka ce ni ne."

"Me za ka yi da shi? Ai ka ci."

Ya dubi ƙasa. "Na shekara ashirin da uku ina auna abu da hantsaki. Ka ɗauka ban san ƙarya ba in na gan ta?"

Likita ya gyara firam ɗin, ya ba ni ba tare da tambaya ba, ko da yake na ga ya gane. Da safiyar Asabar muka je ramin mu biyu. Delmer ya kafa firam nesa da bakin bindiga yadda hucin ba zai kai ba, ya ɗauko harsashi daga akwatinsa na kullum, irin wanda ya haɗa daidai da yadda Kubichek ya koya masa. Ya harba biyar a jere, rabon wata biyar ke nan. Babu wanda ya kai dubu uku da ɗari tara. Da kaɗan suka ɗara harsashin kantin da Likita ya harba.

Ya zauna a bayan mota, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na ce wataƙila sanyin safiya ne. Ya ce babu sanyi. Na ce wataƙila albarushin zamanin Kubichek ya fi ƙarfi. Ya ce irinsa ne, gwangwani ɗaya ma na tsohon ne. Muka zauna muna kallon kuregu suna fitowa daga ramuka suna kallonmu, sun san ba abin da zai same su.

Can sai na ji yana lissafi a hankali. "Saura ƙafa ɗari biyar da 'yan kai a kai lambar Kubichek." Ya ɗago, na ga fuskarsa ta saki, har da ɗan murmushi. "Ka san wani abu? Na daɗe da gajiya. Kullum abu ɗaya nake haɗawa, na ɗauka tsohon ya gama komai, nawa kawai in maimaita. Ashe bai ma kai ba. Ashe akwai sauran aiki."

Litinin da safe ya shiga shagon Lorna, ya tsaya a tsakiya da hula a hannu kamar mai ba da shaida a kotu, ya faɗi gaskiya duka. Ya ce Likita ne da gaskiya, a goge lambar nan.

Ba wanda ya yarda.

"Ji tawali'u," in ji Lorna. "Zauna ka sha kofi, Delmer."

"Na ce na auna! Sau biyar! Ga ƙanin matata nan, ku tambaye shi."

Lorna ta nuna ni. "Wannan? Wanda ya kai wa Fasto takardar magungunan basur ta wani? Mu da idonmu muka gani, mutum ɗari da wani abu."

Har Likita ma ya ja baya. Ya lura tun ranar ramin tsakuwa mutane sun fi sakin jiki da shi, suna zuwa cire haƙori don su tsokane shi, sai ya ce shi yanzu ba zai rantse ba, na'ura ai ɗan Adam ne ya yi ta.

Haka Delmer ya ƙare sauran shekarunsa yana ƙaryata labarin kansa, gari yana ƙaryata shi. Maharba masu wucewa lokacin farautar barewa suna tsayawa su ɗauki hoton bangon. In an nuna musu shi a kusurwa, sai ya tashi ya yi musu bayanin hucin wuta da tazarar firam, su kuma su gyaɗa kai, su ce lallai manyan gwanaye haka suke, ba sa son yabo. A bakin wasu lambar ta kai dubu bakwai. An ce harsashin ya faɗo can a jihar Dakota.

A ɗakin ƙasa kuwa ya zama wani mutum daban. Ya sayi nasa akwatin aunawa, ya watsar da dokar harbi ɗaya a wata. Ya gwada wannan albarushi, ya gwada wancan, ya sauya kan dalma, ya sauya ƙyastu. Cikin rani biyu ya cinye bututun da ya yi shekara ashirin da uku yana lallaɓawa, ya sa wani maƙeri a birnin Billings ya yi masa sabo, ya cinye shi ma. Sau ɗaya ya taɓa ƙetare dubu huɗu, da ƙafa goma sha ɗaya, ranar da zafi ya narkar da kwalta. Ya zo har gidan waya ya gaya mini ta taga, mutane na layi. Kunnensa na hagu ya mutu, girarsa ta dama ta yi gajeru, amma Ardith ta ce ba ta taɓa jin yana waƙa a wanka ba sai a shekarun nan.

Ya rasu a watan Fabrairun 1990, a kujerarsa, bayan ya share dusar ƙanƙarar ƙofar gida. A wurin jana'iza Fasto ya ce marigayin mutum ne mai gaskiya wanda bai taɓa yin ƙarya ba, sannan a numfashi na gaba ya ambaci dubu shida da ɗari biyu da goma sha biyu.

Ya bar harsashi fiye da dubu uku waɗanda ba sa shiga kowace bindiga sai tasa, ita kuma bututunta ya ƙone. Ɗan sandan gundumar ya zo ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce shi ba shi da wurin ajiye su, kuma kada mu kuskura mu zuba a bola. Sai ni da Ardith muka zauna a ɗakin ƙasa duk bazarar nan muna kwance su ɗaya bayan ɗaya da kayan aikinsa, dalma a wannan bokiti, tagulla a wancan, albarushi a tsohuwar garwar madara. Wata rana na ga ta tsaya tana juya wani kwanso a haske, ta ce, "Dubi wuyan nan don Allah. Ko ɗinkina bai kai wannan tsafta ba." Ta sa shi a aljihun rigar girkinta, muka ci gaba.

Wata maƙwabciya ta ce mata albarushi taki ne in an barbaɗa shi sama sama an ba shi ruwa. Ta barbaɗa a lambun bayan gida, ta hana ni shan taba a wurin har aka yi ruwan sama uku. Kabewar da ta fito a shekarar sai da muka kama mu biyu muka ɗora a bayan mota. Ta zo ta biyu a gasar amfanin gona ta gunduma, muka dawo da ita gida, muka yi ta ci har muka ƙosa.